Kafin a jinginar da gona: yadda mai sana'ar fasaha ke neman aiki a ƙasar waje

Kowace shekara, da an gama yankan hatsi an kai damma rumbu, sai garuruwan ƙasar Safo su fara raguwa. Samari su ɗaura kaya su hau mota. Wasu su tsaya Maraɗi. Wasu su bi hanyar Ɗan Isa su shiga Jibiya da Katsina da Kano. Wasu su wuce har Ikko ko Abijan. Wasu kuma su yi arewa, daga Agadas su faɗa Libiya ko Aljeriya. Wannan ita ce tafiya bida, ko cin rani. Kakanni sun yi ta, iyaye ma sun yi.

Amma bida ta yanzu ta sake kama. A da, ƙarfin jiki kaɗai mutum ke tafiya da shi: ga-ruwa, dako, gadi, leburanci. Yau a ƙasar Madarumfa akwai samarin da suka koyi gyaran wayar hannu, da haɗa wutar hasken rana, da gyaran injin ban ruwa, da aikin kwamfuta. Wasu sun yi lakwal har sun samo diploma. Su ma suna son fita, don sun ji ana neman irinsu a waje, kuma ana biya da kyau. Akwai gaskiya cikin labarin. Akwai kuma tarko. Uban da za a ce wa ya sayar da sa, ko ya jinginar da gona don kuɗin tafiyar ɗansa, ya kamata ya san gaskiyar da tarkon tun bai amsa ba.

SANA'A TUKUNA

Ma'aikacin fasaha shi ne wanda ya san cikin na'ura. In ta tsaya ya san dalili, ya kuma san yadda za a tashe ta. Manoman fadamar Jiratawa sun san darajar irin wannan mutum. Ranar da famfo ya ƙi tashi, ranar ake gane cewa zogale da albasa a hannun mai gyara suke.

Matakin aikin hawa-hawa ne. Akwai yaron shago mai koyo wajen ubangidansa. Akwai wanda ya yi makarantar sana'a ya fito da takardar CAP ko BEP. Akwai mai BTS ko DUT, wanda ya ƙara shekara 2 ko fiye bayan bakaloriya. A sama akwai injiniya.

Wuraren koyo ba su da nisa da Safo. Gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM a cikin kananan hukumomi. A Maraɗi akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa. Akwai babbar makarantar fasaha ta IUT, wadda ta fara aiki a 2008, tana koyar da aikin lantarki da kanikanci da gine-gine. Yanzu tana cikin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. A Yamai akwai EMIG mai horar da injiniyoyi. Wasu samari kuma Kano suke zuwa, kasuwar waya ta Farm Centre, su koyi gyara a hannun masu shago.

Ga wurin da da yawa ke tuntuɓe. Yaro zai shekara 5 a shago, hannunsa ya faɗa sosai, amma ba shi da ko takarda guda mai shaida ya iya. A Maraɗi sunan ubangidansa ya ishe shi shaida. A Abijan ko Kumasi ba wanda ya san ubangidan. Saboda haka wanda ya koya a shago ya nemi yadda zai yi jarrabawar sana'a ya samu takarda. Asusun FAFPA, mai taimaka wa koyon sana'a, an kafa shi ne don irin waɗannan samari.

Mai babbar diploma kuma ya tambaya tun yana shiga makaranta: shin hukumar CAMES ta yarda da takardar wannan makaranta? CAMES ita ce hukumar da ke auna takardun manyan makarantu tsakanin ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, mazauninta yana Wagadugu. Takardar da ta yarda da ita ta fi saurin karɓuwa a Dakar da Abijan da Lome.

MUTUM BIYU DA SUKA RIGA SUKA BI HANYAR

Abdu Mumuni Diyofo ɗan jihar Maraɗi ne ta wajen haihuwa. A Tasawa aka haife shi a 1929. Ya yi karatu a Dakar da Faris, ya zama babban malamin kimiyya. Ya koyar a Dakar da Konakiri. Ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙara sani kan ƙarfin hasken rana. Daga 1964 zuwa 1969 ya yi aiki a Bamako ta Mali, inda ya kafa ɗakin binciken hasken rana. A 1969 ya komo gida ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar hasken rana ta Nijar, inda aka riƙa ƙera na'urar ɗumama ruwa da murhu masu aiki da rana. Ya rasu a 1991. Sunansa ne Jami'ar Yamai ke ɗauke da shi.

Na biyu shi ne Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda aka haifa a 1966. Ya yi karatu a makarantar fasaha ta Birnin Kabi. A 1990 ya tafi birnin Detroit na Amurka ya koyi zanen motoci. A 1994 kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki. Shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki, wadda aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 Najeriya ta kira shi gida ya riƙe hukumar ƙera motoci ta ƙasar.

Ba kowane saurayi zai kai inda suka kai ba. Amma a duba yadda suka fita. Ba wanda ya ɓuya a bayan mota cikin hamada. Kowannensu ya fara koyo a gida, ya fita da takarda, ya shiga ta ƙofa. Kuma dukansu sun komo da abin da suka samo.

TAKARDA ITA CE GARKUWAR BAƘO

Tsofaffin Safo da suka yi bida a kudu ba su manta ba. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙi marasa takardar zama kwana 14 su bar ƙasar. Mutane suka watsar da shaguna da gidaje suka hau manyan motoci. A watan Janairu 1983 Najeriya ta yi irin haka, aka kori fiye da mutum miliyan 1, har da ƴan Nijar masu yawa. A wannan kora mako 2 aka ba leburori. Masu sana'ar hannu kuwa aka ƙara musu wata guda don su gyara takardunsu. Ko a ranar kora, mai sana'a da maras sana'a ba ɗaya suke ba.

A 1979 ƙasashen CEDEAO suka yarda ɗan ƙasa guda ya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO ran 29 ga Janairu 2025, kuma a ranar aka fara fito da sabon fasfo na ƙawancen AES. A lokacin, CEDEAO ta ba da sanarwa cewa za a ci gaba da barin mutanen ƙasashen uku su shiga su fita kamar da, har sai an sake shawara. Tun da dokokin iyaka na sauyawa, mai niyyar tafiya ya tambayi hukuma halin da ake ciki kafin ya tashi. Matambayi ba ya ɓata.

A kuma lura: izinin shiga daban, izinin aiki daban. Wanda zai zauna ya yi aiki sai ya nemi katin zama na ƙasar. Wanda ya tafi da bizar ziyara, ko bizar Umra, ya tsaya yana aiki, ya zama maras takarda. Komai gwanintarsa, ubangida zai biya shi abin da ya ga dama, don ya san ba shi da inda zai kai ƙara.

Ga takardun da ya kamata a haɗa:

1. Takardar haihuwa daga ofishin magajin gari. Wanda ba a yi wa ba yana jariri, kotu na ba da wadda ke madadinta.
2. Takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da katin ɗan ƙasa.
3. Fasfo, daga hannun hukuma, ba daga hannun dillali ba.
4. Katin rigakafi, musamman na shawara.
5. Takardar kotu mai shaida mutum ba shi da laifi a kansa.
6. Diploma ko takardar sana'a, da kwafinta mai hatimin hukuma.

Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a dukan takardun. Harafi guda in ya bambanta yana iya mai da mutum gida. A bar kwafin kowace takarda a gida, cikin adaka, wajen uba ko wa.

A SAMU AIKI KAFIN A ƊAURA KAYA

Ɗan cin rani kan tafi tukuna, sa'an nan ya nemi aiki. Mai sana'ar fasaha kamata ya yi ya juya abin: ya nemi aikin tun yana gida.

Da fari ya rubuta takardar tarihin karatunsa da aikinsa, wadda ake kira CV. Shafi 1 ko 2 ya isa. Ya faɗi abin da ya koya, inda ya koya, da ayyukan da ya yi da hannunsa. Kada ya ƙara gishiri, don za a gwada shi. Wanda ya haɗa wutar rana a asibitin ƙauye ko ya sa famfo a rijiyar lambu, ya ɗauki hoton aikin, ya roƙi mai aikin ya rubuta masa shaida. Gani ya kori ji.

Na biyu harshe. Hausa za ta kai mutum Kano da zangon Kumasi. Amma littafin na'ura da umurnin kwamfuta yawanci da Ingilishi suke. Mai Faransanci da ya ƙara Ingilishi ya buɗe wa kansa Najeriya da Gana da ƙasashen Larabawa na Gabas.

Na uku, ya san ƙofofin da ake bugawa. Ya rubuta sunansa a ofishin ANPE, hukumar samar da aiki ta Nijar, wadda ke da reshe a Maraɗi. Ya riƙa duba sanarwar da kamfanoni ke bugawa da kansu a shafinsu na intanet, ko a dandalin LinkedIn inda ma'aikata da masu ɗaukar aiki ke haɗuwa. Ya kuma tambayi ƴan garinsu da suka daɗe a can. Mai masauki na kirki ya san kamfanin da ke biya da wanda ke cin gumin yara. Manyan ayyuka ma na jawo masu sana'a: hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, mai tsawon fiye da kilomita 280, wadda aka aza tubalinta a Fabrairu 2021, aiki ne na masu walda da masu lantarki da masu awo da direbobin manyan injuna.

Kamfanin gaskiya yakan yi wa mutum tambayoyi, sau da yawa ta wayar da ake ganin juna. Yakan ba shi gwaji. In ya ci, sai a aiko masa da takardar yarjejeniyar aiki, wato kwantiragi. A nan ake natsuwa. A karanta: wane aiki ne, a wane gari, nawa ne albashi, da wane irin kuɗi za a biya, awa nawa a rana, wa zai biya kuɗin jirgi da ɗaki, wa zai biya magani in an ji ciwo, kuma yaya mutum zai bar aikin in ya so. In takardar da Ingilishi ko Larabci take, a nemi amintacce ya fassara ta layi-layi. Uban da ya yi yaƙi da jahilci yana iya duba suna da lambobi da idonsa. Ba a sa hannu kan abin da ba a gane ba.

Turai fa? Ƙofa akwai, amma ƙunci gare ta. Misali Jamus, daga watan Yuni 2024, tana ba mai sana'a wani kati na zama har shekara 1 yana neman aiki. Sai dai ana son ya yi horon sana'a na aƙalla shekara 2 wanda gwamnatin ƙasarsa ta yarda da shi, ko ya zama mai digiri. Ana son ya ji ɗan Jamusanci ko Ingilishi mai kyau. Ana kuma son ya nuna yana da abin ci da kansa, fiye da yuro 1,000 kowane wata, wato fiye da jika 655. Duk wanda ya ce zai kai yaro Turai ba takarda, ba harshe, ba gwaji, ƙarya yake yi.

TARKON ƳAN DAMFARA

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ƴan damfara sun gane samari na son aikin fasaha, sai suka mai da shi abin tarko. Saƙo zai shigo ta WhatsApp ko Facebook: ana neman masu aikin kwamfuta, albashi jika 500, ɗaki kyauta, a aiko da kuɗin rajista kafin Juma'a. In an aika, sai a ce saura kuɗin biza. In an aika, sai a ce saura kuɗin likita. Ranar da kuɗin gida ya ƙare, ranar lambar ke daina shiga.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Abokin yaro ne da kansa zai kira shi daga wata ƙasar maƙwabta, ya ce ya samar masa aiki. In ya isa, sai a karɓe kuɗinsa da takardunsa, a tara shi da wasu cikin gida guda. Aikin da za a ba shi shi ne ya kira ƴan'uwansa, su ma su kawo kuɗi. Haka abin ke cin dangi ɗaya bayan ɗaya.

Har masu ilimin kwamfuta sosai an kama da irin wannan. An yi musu alkawarin aiki a ƙasar Tailan, da suka sauka aka tsallaka da su Bama, wadda ake kira Miyanma yau. Aka kulle su cikin gidaje masu gadi, aka tilasta musu damfarar mutane ta intanet. A watan Agusta 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 120,000 ke cikin wannan hali a Bama, da kimanin 100,000 a Kambodiya. A farkon 2025 an kuɓutar da dubbai, cikinsu har da ƴan Afirka.

Alamun tarko ba su ɓuya. Ana neman kuɗi kafin aiki. Ana gaggawa. Ba gwaji, ba tambaya. Albashin ya fi hankali. Ba a san ofishin kamfanin ba, sai lambar waya. Ana cewa kada a gaya wa kowa. Ana cewa za a riƙe wa mutum fasfo. Tun 1997 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa ƙa'ida cewa ofishin samar da aiki ba ya karɓar lada daga hannun mai neman aiki. Mai ɗaukar ma'aikaci shi ke biya. Wanda aka nemi kuɗi wajensa ya kai maganar ofishin ANPE ko wajen jandarma tun bai aika ko dala ba.

Hanyar hamada kuwa an san abin da ta ci. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara daga ƙasar Kance. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Aljeriya kuma ta sha kwaso baƙi ta zube su a bakin iyaka, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka. Diploma ba ta hana ƙishirwa.

A YI LISSAFI

Albashin waje daɗin ji gare shi, sai an lissafa. Tun 2023 darajar naira ta faɗi ƙwarai. A 2024 Najeriya ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000. In aka canza shi a ƙarshen wannan shekara bai kai jika 30 ba, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun Janairu 2024. A Turai kuwa kuɗin ɗaki da haraji da abinci na iya cinye fiye da rabin albashi. Abin tambaya ba nawa za a biya ba. Abin tambaya shi ne nawa zai rage a aiko gida ta Nita ko Al Izza bayan an ci an biya haya.

A ɗora wannan a kan abin da za a rasa. Gonar da aka jinginar ba ta komowa sai an biya. A kwarin Gulbin Maraɗi mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, wanda ya saki tasa da wuya ya sami wata. San noma da aka sayar, da damina za a neme shi. In tafiyar ta gaskiya ce, kuɗinta sananne ne: fasfo, rigakafi, mota, da guzuri. In aka ce sai an kawo miliyan kafin a ga kwantiragi, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

AIKIN WAJE DAGA GIDA

Akwai kuma sabuwar hanya wadda kakanni ba su sani ba. Mai rubuta umurnin kwamfuta yana iya zama a Maraɗi ya yi wa kamfanin wata ƙasa aiki ta intanet, a aiko masa da ladansa. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Ikko a 2014, da haka ya yi suna: ya horar da samarin Afirka, ya haɗa su da kamfanonin waje. Abin da ake bukata shi ne gwaninta, da Ingilishi, da wuta, da layi mai ƙarfi. A 2025 kamfanin Starlink mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam ya fara aiki a Nijar.

Wani lokaci ma duniya ce ke zuwa wajen mai fasaha. Abdu Maman Kane, ɗan Nijar masanin kwamfuta, ya ƙirƙiro dabarar da manomi zai kunna famfon lambunsa ya kashe da wayar hannu, ko yana nesa. Saboda wannan aiki aka ba shi babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hasan na Biyu a 2015. Matsalar manoman gida ya duba, sunansa ya kai ƙasashen waje.

Saboda haka, ƴan'uwa manoma da makiyaya, in yaro ya zo da maganar aiki a waje, kada a hana shi da faɗa, kada kuma a kama hanyar kasuwa da sa. A zaunar da shi a tambaye shi. Wace sana'a ke hannunka, ina takardarta? Wane kamfani ne, a wane gari, wa ya san shi? Ina kwantiragin, wa ya karanta maka? Wa ya nemi kuɗi, don me? In ya amsa duka da shaida, a sa masa albarka, a roƙa masa Allah ya kai shi lafiya ya komo da abin da zai amfani Safo. In ya kasa amsawa, ya ƙara shekara guda yana koyo yana haɗa takardu. Gona tana nan, famfunan fadama ma suna jiran mai gyara.